Ɗana Tarko a Sabon Daji: Tambayoyi da Amsoshi kan Sana'ar Neman Fata Mai Gashi a Kanada da Alaska

A arewacin Kanada da Alaska da wasu jihohin Amurka masu tsananin sanyi, har gobe akwai mutanen da ke shiga daji da tarko a lokacin hunturu don neman fatar dabba da gashin da ke kanta. Wanda ya gaji dajin daga mahaifinsa ya san kowace ƙorama da kowane kututture, ba ya bukatar a gaya masa komai. Wahalar tana kan wanda aka ba sabon wuri, ya tsaya a bakin dajin da buhun tarkuna, bai san gabas ba bai san yamma ba. Tambayoyin nan irin nasa ne, kuma za su amfani duk mai son sanin yadda sana'ar take tafiya.

Wace irin sana'a ce wannan, kuma waɗanne dabbobi ake nema?

Tsohuwar sana'a ce. Kamfanin Hudson's Bay, wanda Sarkin Ingila Charles na Biyu ya ba izini a 1670, a kan fatar biba ya kafu. Biba dabbar ruwa ce mai faffaɗar wutsiya, takan kai kilo 20 ko fiye, tana sare itatuwa da haƙori ta datse rafi da su. Turawa suna cire lallausan gashinta na ciki su yi huluna da shi. Har ta kai a shagunan kamfanin da fatar biba ake yanka kuɗin bindiga da bargo da tukunya.

A yau dabbobin sun kasu gida uku gwargwadon mazauninsu. Na ruwa su ne biba, da maskirat wanda ƙaton ɓeran fadama ne, da minki, siririyar dabba mai farauta a bakin ruwa, da karen ruwa. Na kurmi su ne matin, ƙaramar dabba mai dogon jiki da ba ta cika wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba, da fisha, 'yar uwarta da ta fi ta girma, da linkis, kyanwar daji mai gajeriyar wutsiya da faɗin tafin ƙafa. Na fili kuma su ne jar yanyawa, da koyoti wanda karen daji ne mai kama da dila, da kerkeci. Majeman Kano idan suka sami fatar jar akuyar Sakkwato, gashin ne abu na farko da suke tuɓewa su zubar. A can kuwa gashin shi ne kuɗin, don haka duk dabarar tana kan kama dabbar a lokacin da gashinta ya cika, ba tare da an lalata shi ba.

Zan iya shiga duk dajin da na ga dama in ɗana?

A'a. Wanda ya yi haka zai rasa tarkunansa, ya biya tara, wataƙila ya rasa lasisin ma baki ɗaya. A yawancin lardunan Kanada an yanka dajin gwamnati gida-gida, kowane yanki da sunan wanda aka yi wa rajistarsa, kuma shi kaɗai ko wanda ya yarje wa ke da ikon ɗana tarko a ciki. Lardin Biritish Kolombiya ya fara wannan tsari tun shekarun 1920, wasu suka biyo baya. Kafin lasisi kuma, a wurare irin su Ontariyo sai ka yi kwas ka ci jarrabawa. Idan gonar wani ce, sai da izinin mai gona, kuma a wurare da yawa sai a rubuce. A Alaska babu irin wannan rajista, amma akwai al'ada mai ƙarfi: hanyar da wani ya share da hannunsa yake bi shekara da shekaru, ba a hawa kanta.

Akwai kuma ƙasashen 'yan asalin wurin, irin su ƙabilar Cree, waɗanda haƙƙinsu ya riga na kowa.

Shawarata a nan ita ce ka nemi wanda ya riƙe wurin kafin kai, ko da ya tsufa ya daina fita. Ka kai masa ziyara, ka zauna ka saurara. Matambayi ba ya ɓata. Hirar yamma ɗaya da shi za ta nuna maka inda ƙanƙara ba ta da ƙwari, da kwarin da matin ke bi, da shekarar da gobara ta ci gefen dajin.

To na samu wuri. Daga ina zan fara?

Ka ajiye tarkunan a gida tukuna. Wannan ita ce maganar da sabon shiga ba ya son ji, kuma ita ce ta fi kowace muhimmanci. Baƙo ko da idonsa makaho ne, kuma makaho ba ya ɗana tarko a inda ya dace.

Aikin farko a kan taswira yake. Ka samo mai nuna tudu da kwari, ka haɗa da hoton tauraron ɗan'adam irin na Google Earth. Abin da kake nema shi ne wuraren da abu biyu suka haɗu: inda ƙorama ta faɗa cikin babban rafi, inda tsohon kurmi ya yi iyaka da wurin da aka sare ko ya ƙone, siririyar ƙasa tsakanin tafki biyu, wuyan tudu inda tsauni ya sauko kafin ya sake hawa, kwalbatin da ruwa ke bi ƙarƙashin hanya. Tafkin biba ma yana fitowa sarai a hoton, za ka ga ruwa ya taru bayan wani lanƙwasasshen layi, da matattun itatuwa tsaitsaye a cikinsa. Ka yi wa duk waɗannan alama.

Sannan ka je da ƙafarka. Hoto yana iya zama na shekara biyar baya, biban da ya gina madatsar ya daɗe da tashi. Zuwa biyu ne suka fi amfani. Na farko a ƙarshen kaka, bayan ganye ya zube, lokacin da taɓon bakin ruwa ke riƙe sawu kuma ido ke ganin nesa. Na biyu kwana ɗaya ko biyu bayan dusar ƙanƙara ta farko ta sauka. A ranar duk abin da ya yi tafiya cikin dare ya bar sa hannunsa a ƙasa, sai dai idan ba ka iya karatun ba. Ka bi sawun, kada ka tsaya a kallo kawai. Ka ga inda dabbar ta tsallaka, inda ta tsaya ta yi fitsari, gungumen da ta hau, ramin da ta leƙa.

Ka riƙe ɗan littafi da fensir, domin biro yana daskarewa, batirin waya kuma sanyi na shanye shi. Rana, wuri, irin sawu, inda iska ke kaɗawa. A shekara ta uku wannan littafin zai fi dukan tarkunanka daraja.

Waɗanne alamomi ke nuna wuri yana da rai?

A wajen biba, ganin ɗakinsa a tsakiyar tafki bai isa ba, don tsohon kango ma yana daɗewa a tsaye. Ka dubi abu uku. Shin an yaɓe ɗakin da sabon taɓo? Shin kututturan da ke bakin ruwa farare ne tas, da ɓarɓashin itace ɗanye a gindinsu, ko sun yi baƙi? Na ukun ya fi su duka: tarin rassa da aka nutsar a ruwa kusa da ɗakin. Rumbun hunturu ke nan. Biba ba ya barcin hunturu, yana iyo ƙarƙashin ƙanƙara ya jawo reshe ya ci ɓawonsa. Inda ka ga sabon rumbu, akwai iyali a ciki: uwa da uba, da 'ya'yan bana, da na bara. Girman rumbun kan ba ka hasashen yawansu.

Minki yana bin gefen ruwa ne kamar an ɗaure shi da shi, yana leƙa kowane rami da ƙarƙashin kowace saiwa. Sawunsa bibbiyu ne a jere. Karen ruwa yana barin santsin inda ya zame da ciki, da kashi mai ɓawon kifi a kan tudun da ya saba hawa. Matin yana son tsohon kurmin itatuwa masu ganyen allura, inda gungume ya faɗi a kan gungume, domin ta nan yake shiga ƙarƙashin dusar ƙanƙara ya kamo ɓeraye. Daji mai tsabta da aka sare aka kwashe komai ba nasa ba ne. Linkis kuwa kada ka nemi sawunsa da farko, nemi na zomo. Inda turbar zomaye ta yi kaca-kaca cikin ƙananan itatuwa masu duhu, yana nan kusa.

A ina daidai ake sa tarkon?

A inda dabbar za ta bi ko da babu kai a duniya. Wannan ita ce ƙa'idar, sauran duk ƙarin bayani ne. Masu saida kayan tarko suna da kwalaben ƙamshi iri-iri, kowa na cewa nasa zai jawo koyoti daga nesa. Gaskiyar ita ce tarko mara kyau a kan turba ya fi tarko mai kyau da ke nesa da turbar da taku hamsin.

Don haka ake neman matsi, wato inda ƙasa da kanta ta tilasta wa dabba bin wuri ɗaya. Saman madatsar biba gada ce ga kusan kowa: yanyawa da linkis da kerkeci suna tsallaka ruwa ta kanta, karen ruwa kuma yana haye ta daga tafki zuwa rafi a wuri guda kullum, har wurin ya yi sulɓi. Gindin gada inda bango ya haɗu da ruwa hanyar minki ce. Ƙofar shinge tsakanin gona biyu, ko inda hanyar tarakta biyu suka gitta, wurin koyoti ne.

Sai iska. Dangin kare da hanci suke tafiya. Idan ka sa tarko a gefen turbar da iska ke kwashe warin ta yi daji da shi, dabbar za ta wuce ta kusa ba ta san da shi ba. Ka sa shi ta gefen da iska ke fitowa, yadda warin zai ratsa turbar. A yawancin waɗannan wurare iskar hunturu daga yamma ko arewa maso yamma take zuwa, amma kwari da bakin tafki suna juya ta, shi ya sa ake rubuta ta a littafi. Inda ta cika sauyawa, a sa ɗaya a kowane gefe.

In watsa tarkuna ko'ina, ko in tara su?

Duka biyun, amma kowanne da lokacinsa. A makon farko ana shimfiɗa dogon layi mara kauri, tarko ɗaya ko biyu a kowane irin wuri, don a ji abin da dajin zai ce. Inda ya amsa, sai a ƙara. Wuri mai kyau ya cancanci tarko biyu ko uku kusa da juna, saboda koyoti kan yi tafiya bibbiyu, karen ruwa kuma iyali guda, kuma sau da yawa wata dabbar da ba ita ake nema ba ce ke fara faɗawa ta toshe wurin.

Yawan tarko kuwa, ƙarfinka ne ma'auni. Kada ka ɗana abin da ba za ka iya zagayawa ba a ranar da injin tafiya kan dusar ƙanƙara ya ƙi tashi. Ka kuma lissafa da dare, domin duk abin da aka kama sai an feɗe, an kankare kitse, an ɗora fatar a katako ta bushe. Biba ɗaya kan ci wa sabon hannu fiye da awa guda. Hanyar ma gara ta zama zagaye, ka fita ta nan ka dawo ta can, kada ka taka wuri ɗaya sau biyu a banza.

Wane irin tarko ake amfani da shi?

Iri uku ne manya. Akwai mai kama ƙafa ya riƙe dabbar da rai. Akwai zarge na waya. Sai mai maƙure jiki ya kashe nan take, wanda aka fi sani da Conibear, sunan Frank Conibear, wani mai tarko na arewacin Kanada da ya ƙirƙiro shi, ya shiga kasuwa a ƙarshen shekarun 1950. Ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, dabba ta sa kai ta taɓa 'yar wayar tsakiya, ya rufe a wuyanta. Lamba ce ke nuna girmansa: 110 da 120 na maskirat da minki da matin, 220 na fisha, 330 na biba da karen ruwa.

Ba kowane ƙarfe doka ta yarda da shi ba. A 1991 Tarayyar Turai ta yi dokar hana tarkon ƙafa a ƙasashenta, ta kuma yi barazanar rufe kasuwarta ga fatun ƙasashen da ba su gyara ba. Daga nan aka cimma yarjejeniya a 1997 kan mizanin tarko marar azabtarwa, tsakanin Tarayyar da Kanada, Rasha ma ta shiga. Mizanin ya ce tarkon kisa dole ya gusar da hankalin matin cikin daƙiƙa 120, yawancin sauran dabbobi kuma cikin daƙiƙa 300. A Vegreville ta lardin Alberta aka yi shekaru ana gwada tarkuna, kuma akwai jerin waɗanda suka ci jarrabawa. Ka duba jerin kafin ka fitar da kuɗinka. Tsohon tarko mai haƙora da ke rataye a ɗakin kakan wani kayan tarihi ne, ba na aiki ba.

Ko za a kwatanta yadda ake ɗanawa a aikace?

Mu ɗauki na yanyawa da koyoti, wanda ake yi da rami. Ka sami ɗan tushen ciyawa ko dutse a gefen turba, abin da zai hana dabbar zuwa ta baya. A gindinsa ka haƙa siririn rami a karkace, zurfin kamar santimita 20, ka watsa ƙasar a gaba yadda zai yi kama da inda wata dabba ta binne abincinta. A gaban ramin, tazarar kamar tafin hannu ɗaya ga yanyawa, ɗan fiye da haka ga koyoti, ka haƙa gurbin tarkon ƙafa. Ka kafa turke ka ɗaure sarƙa, ka zaunar da tarkon, ka danna ƙasa a kewayensa har sai ka taɓa kowane gefe bai motsa ba. Nan ne yawancin sababbi ke faɗuwa. Koyoti idan ya taka ya ji ƙasa ta yi rawa ƙarƙashin ƙafarsa, zai tone tarkon ya bar maka shi a fili, kuma daga ranar ya yi karatu. Ka rufe farantin tsakiya, wanda dabba ke takawa tarkon ya rufe, da 'yar takarda mai kaki don kada ƙasa ta shiga ƙarƙashinsa, ka tankaɗe busasshiyar ƙasa da rariya a kai, faranti ya zama shi ne ɗan wuri mafi ƙasa. Naman yaudara ya shiga can cikin ramin. Idan sanyi ya kai na daskarewa, ana amfani da ƙasar da aka gauraya da kaki tun da rani, in ba haka ba tarkon zai daskare a buɗe.

Na matin ya fi sauƙi, domin shi ba shi da tsoron warin mutum. Akwatin katako ne, nama a can ƙurya bayan raga, Conibear 120 a bakin. A kafe shi a jikin itace ko a kan sandar da aka jingina, sama da inda dusar ƙanƙara za ta kai a tsakiyar hunturu. Mutane da yawa suna juya bakin ya dubi ƙasa, don kada dusa ta cika shi, kada kuma tsuntsu ya ga naman.

Na biba a hunturu ƙarƙashin ƙanƙara ake yi. A fasa rami tsakanin ɗaki da rumbu, a laluba da sanda har a ji inda ƙasan tafkin ya yi tauri ya zurma, hanyarsu ke nan. A ɗaure 330 a jikin busasshiyar sanda a zura. Dole sandar ta zama busasshiya, domin ɗanya abinci ce, zai gwaguye ta ya tafi da tarkon.

Yaya batun nama da ƙamshi da warin hannu?

Naman biba kusan kowa na ci, shi ya sa masu tarko kan fara da biba su sami na yaudarar sauran. A ƙarƙashin wutsiyarsa kuma akwai wasu 'yan jakunkuna masu ƙamshi mai ƙarfi da yake shata iyakarsa da shi. Ɗigo kaɗan a kan tulin taɓo a bakin ruwa yana jawo wani biban ya zo ganin baƙo. Ga tarkon dangin kare, ana dafa ƙarfen a rini, a tsoma a kaki, a riƙa taɓa shi da safar hannu ta daban wadda ba ta taɓa nama ba. Ƙamshi kuwa kaɗan ya isa.

Yaushe ake farawa?

Ranar da doka ta buɗe daban, ranar da gashi ya nuna daban. Gajartar rana ce ke sa gashin ya cika, ba sanyin mako ɗaya ba. Alamar tana cikin fatar: idan ka juya ta ka ga cikinta shuɗi-shuɗi ko baƙi, ba ta kai ba, idan ta yi fari kamar madara, ta nuna. Yanyawa da koyoti da matin sukan kai daga Nuwamba zuwa Janairu. Biba da maskirat sai can cikin hunturu zuwa farkon narkewar ƙanƙara. Kashe dabba makonni biyu kafin lokacinta don a sami rabin kuɗi asara ce, kuma ni a wurina rashin mutunta ran da aka ɗauka ne.

Ta yaya zan san na kama abin da ya isa?

Wannan ita ce tambayar da ke raba mai sana'a da maɓarnaci, kuma a sabon wuri ta fi wuya, don ba ka san abin da dajin ke iya ɗauka ba.

Tarihi ya riga ya ba da darasi. Zuwa ƙarshen shekarun 1920 biba ya kusa ƙarewa a gabashin gaɓar tekun James Bay, a lardin Kebek na Kanada, yunwa ta kama mutanen Cree na Rupert House, garin da yau ake kira Waskaganish. James Watt, wakilin kamfanin Hudson's Bay a wurin, da matarsa Maud, suka tsaya har gwamnatin Kebek ta keɓe wani makeken yanki a 1932 inda aka hana taɓa biba. Mafarautan Cree ne suka riƙa zagayawa suna ƙirga ɗakunan da ke da rai kowace shekara. Da yawan ya dawo, aka sake buɗewa, ana yanka wa kowa adadi gwargwadon ɗakunan da ke ƙasarsa. Har yau kowace ƙasar farauta ta Cree tana da shugabanta mai lura da ita, kuma tsohuwar dabararsu ita ce raba ƙasar kashi-kashi, a yi aiki a ɗaya a bar sauran su huta shekara biyu ko uku. Sabon shiga ba shi da abin koyi da ya fi wannan. Ka ƙirga ɗakuna kafin ka ɗana, kada ka share iyali kaf, ka bar wani sashe na dajin ko tarko ɗaya kada ya shiga.

Matin kuwa abin tausayi ne saboda sauƙin kamuwarsa, ga shi ba ya haihuwa da yawa, kamar uku a shekara. Abin da ke taimako shi ne samari da maza ne ke yawo da nisa, su ne ke fara faɗawa. Ka riƙa duba kowane ɗaya ka rubuta: namiji ko mace, na bana ko babba. Ranar da ka ga manyan mata sun fara yawa a cikin abin da kake kamawa, ka taɓa uwar garke. Kwashe akwatunan, ko da sauran wata guda a rufe lokaci.

Linkis yana hawa da sauka tare da zomo, zagayen da ke ɗaukar kimanin shekara 10, wanda tsofaffin littattafan cinikin kamfanin Hudson's Bay suka nuna ƙarara. A shekarun da zomo ya faɗi, linkis ba ya rayar da 'ya'ya, kuma yunwa na sa shi faɗa wa kowane tarko. Sauƙin kamun a irin wannan shekara ba alamar yawa ba ne. Lokacin ɗaga ƙafa ne.

Idan karen wani ko wata dabbar da ba ita nake nema ba ta faɗa fa?

Rigakafi ake yi tun wajen zaɓen wuri. Babban Conibear ba ya zama a ƙasa kusa da gidaje ko hanyar da mutane ke yawo da karnuka. Na 330 wurinsa ruwa. Nama a ɓoye yake zama, domin wanda ke fili gaggafa da mujiya yake kira, kuma dokokin wurare da yawa sun hana. Zargen kerkeci ana sa masa mahaɗi mai tsinkewa idan babbar dabba mai ƙaho ta sa ƙafa, kuma ba a kafa shi a turbar irin waɗannan dabbobi. Idan duk da haka abin ya faru, a sanar da jami'in gandun daji ko mai karen. Ɓoyewa ce ke jawo wa dukan masu sana'ar baƙin jini.

Sau nawa ake zagayawa, kuma yaushe ake ɗauke tarkon da bai kama ba?

Doka ta bambanta. Jihohin Amurka da yawa sun ce kowace awa 24 ga tarkon da ke riƙe dabba da rai, wasu wuraren sun ba da kwana uku. Ko doka ta sassauta, tarkon ƙafa kullum ya kamata a duba shi, da sassafe. Dabbar da ke ɗaure tana jin tsoro da ƙishirwa, kuma kai ka ɗaure ta.

Game da ɗaukewa, kada ka yi gaggawa. Maskirat da biba a kwana biyu ko uku za su nuna. Amma fisha da linkis da karen ruwa suna da faɗin ƙasa, sukan yi mako ɗaya ko biyu kafin su sake biyowa ta wuri. Dusar ƙanƙara za ta gaya maka gaskiya. In ba sawu ko kaɗan, a ƙara haƙuri ko a canja wuri. In ga sawu ya zo ya tsaya taku biyu ya kauce, to wurin daidai ne, ɗanawar ce ke da gyara.

Mene ne haɗarin da ke kan mai tarkon kansa?

Ƙanƙara ce ta farko. Ana son kaurinta ya kai santimita 10 kafin mutum ya taka, fiye da haka ga inji. Kusa da ɗakin biba da rumbunsa ta fi ko'ina rauni saboda kai-komon da suke yi a ƙasa, ga shi nan aikin yake. A riƙa dukanta da sandar ƙarfe kafin kowane taku. Na biyu shi ne 330 ɗin kansa, wanda ke iya karya hannu. Ana sa masa maƙalar tsaro har sai an gama, a kuma riƙe igiyar buɗe shi a aljihun da hannu ɗaya zai kai. Sai cututtuka irin su tularemiya daga biba da maskirat, da haukan kare daga yanyawa, don haka ba a fiɗa sai da safar roba. Kuma kullum wani a gida ya san hanyar da ka bi da lokacin da za ka dawo.

Musulmi zai iya wannan sana'a?

Tambaya ce da ya kamata a kai wa malami kafin a sayi tarko, domin amsar za ta shafi irin wanda za a saya. Dabbar tudu da tarko ya kashe ba a yanka ba mushe ce. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ce ba laifi a amfana da fatar mushe idan an jeme ta, amma ba a salla a kanta, ba a kuma sayar da ita. Ta halatta sayar da fatar namun daji masu farauta idan an yanka su. Hanafiyya da Shafi'iyya suna ganin jima tana tsarkake fatar, in ban da ta alade, Shafi'iyya suka ƙara da ta kare. A gaya wa malamin cewa fatar da ake kaiwa kasuwa a can busasshiya ce kawai, ba jemammiya ba. Abin da babu saɓani a kansa shi ne hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen kisa da yanka.

Akwai kuɗi a ciki?

Kaɗan ne ke rayuwa da ita kaɗai a yau. Babban gidan gwanjon fatu na Toronto, NAFA, ya durƙushe a 2019, ya bar Fur Harvesters Auction da ke North Bay a Ontariyo a matsayin babbar kasuwar fatun daji ta nahiyar. Farashi yana bin abin da masu ɗinki a Sin da Koriya da Turai ke so. Da kamfanin riguna na Canada Goose ya sanar a 2021 cewa zai daina amfani da gashin dabba, fatar koyoti ta faɗi. Biba kuma ya ɗan farfaɗo saboda masu yin hulunan kaboyi, kuma jakunkunan ƙamshinsa ana sayensu daban a kan awo. Fatar linkis da ta karen ruwa da ta kerkeci ba sa fita ƙasar waje sai da shaidar CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji.

Wanda ke shekararsa ta farko a sabon daji ya sa a ransa cewa man inji da tarkuna da lasisi za su iya cinye abin da ya samu. Abin da ke hannunsa shi ne gyaran fata. Mai tantancewa a gidan gwanjo yana duba tsagar wuƙa, da kitsen da aka bari ya ƙona fatar, da ko an busar da ita a wuri mai sanyi-sanyi nesa da murhu, da ko an ɗora ta a katako mai girman da ya dace. Fata biyu daga kurmi ɗaya a rana ɗaya suna iya faɗawa aji daban-daban saboda wannan kaɗai, don haka ya dace sabon shiga ya yi 'yan kwanaki a rumfar wani tsohon hannu yana kallon yadda yake riƙe wuƙa kafin ya taɓa tasa fatar.